Tekun Ɗantala

Garinmu ba shi da teku.
Duwatsu gare mu, sun hau kan juna kamar buhunan dankali,
sai ramukan da masu haƙar kuza suka tafi suka bari,
damina ta cika su da koren ruwa.

Amma ka zo Bukuru, bayan tashar manyan motoci,
ka tambayi rumfar Inuwa mai shayi.
A bangonta Ɗantala ya ajiye mana teku,
shi da ko gadar Makurɗi bai taɓa haurawa ba.

Bashi ne ya jawo.
Kofi arba'in da uku, da burodi, da ƙwai na ranar albashin wasu.
Inuwa ya buɗe littafi, Ɗantala ya buɗe gwangwani:
ragowar shuɗin da ya rubuta "Komai nisan dare" a goshin tirela.
Ya ce, ba ni bangon nan kwana biyu,
in bai yi maka ba, ka shafe da farar ƙasa.

Wani direban kabeji ne ya ba shi labari,
wai ruwa ne da ba shi da tsallake,
yana zuwa yana komawa kamar mai neman aure.
Da wannan kaɗai ya yi aiki.
Kifayen duk tarwaɗa suka fito, har da gashin baki,
jirgin ya ɗauko kamannin akushi,
can baya kuma, hannu ya ƙi jin magana,
ya dasa duwatsunmu tsaye a tsakiyar ruwa.

Wani baƙo daga Ikko ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.
Inuwa ya ce, naku ne ba haka yake ba.

Tun daga nan unguwa ta sami suna.
Masu keke na kira, "Bakin Teku, mutum ɗaya!"
Wasiƙa ta taɓa zuwa da wannan adireshi, ta kuma iso.
Pam mai walda ya yanka tsohuwar ƙofar mota
ya yi benci mai hancin kwalekwale,
Chundung ta fara saƙa igiyar ruwa a ƙirjin rigunan sanyi,
har yaran firamare suka koma tafiya
kowa da ɗan guntun tekunsa.

Shekarar da titi ya zama iyaka,
aka raba kasuwa, aka raba mahauta,
gaisuwa ma sai an duba bayan kafaɗa,
na ga Pam ya tsallako da asuba, hazo na rufa masa asiri.
Ya ce benci ya zo dubawa, ƙafarsa ɗaya tana rawa.
Ƙafar lafiyarta ƙalau.
Inuwa bai ce komai ba,
ya dai ƙara masa madara.

Yanzu hannun Ɗantala ba ya riƙe buroshi.
Yana zama a hancin kwalekwale, cikin rigar Chundung,
Nanret 'yar makwabta ce ke hawa tsani bayan kowace damina,
yana yi mata faɗa: shuɗin nan ya yi ruwa!
Ita kuwa ba ta san iyaka ba,
bara tekun ya malala bangon mai aski,
bana ya kusa cinye shagon cajin waya,
babu wanda ya kai ƙara.

Ni na je Ikko daga baya, na ga na ainihin.
Na cire takalmi, na tsaya, na ba shi haƙƙinsa.
Yana da girma, ban hana shi ba.
Sai dai na duba ko'ina ban ga dutse ko ɗaya ba,
ba ƙamshin citta, ba mai tambayata labarin gida,
kifin da aka nuna mini ko gashin baki ba shi da shi.

Na kira Ɗantala a waya, na ce ga ni gabansa.
Ya yi shiru, ya yi tari,
sannan ya ce, to, ya yi kama?

Na ce, suna dai ƙoƙari, Baba.